Kofin Da Aka Ɗaura Wa Jan Zare

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri in kin ga ina ta kewaye-kewaye, kaina ba daidai yake ba. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Ni dai mai karatu ce, ina ganin matsalolin mutane a filinki ina cewa Allah sarki, ashe tawa na nan tafe.

Ni tela ce. Tun ina amarya nake aiki a shagon wata baiwar Allah da nake kira Yaya, ga shi yanzu babbar 'yata ta isa aure. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa dangi ba. Sai na faɗa miki ko ni wace ce kafin ki gane sauran zancen. Mutanenmu su ne waɗanda tun kakanni suke kwashe sharar gari, su yashe masai, su janye mushe daga kan hanya. Unguwarmu tana bayan babbar bola, shi ya sa ake ce mana 'yan bola. Yau a cikinmu akwai malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan jinya. Mahaifina ma kafinta ne, bai taɓa ɗaukar shebur da sunan sana'a ba. Amma sunan ya ƙi barin mu. Ana cewa ko da turare muka yi wanka warin na nan, wai a jini yake. Ana cewa ba a cin abin da hannunmu ya taɓa. A fuska ba za ki gane mu ba, sai an tambayi unguwa.

Na shiga shaguna da yawa neman aiki, da zarar an ji unguwarmu sai a ce ai an riga an ɗauki wata. Yaya ce kaɗai ta ce in hau keke in ɗinka mata wuyan riga ta gani. Ta juya bayan ɗinkin, ta bi shi da yatsa, ta ce gobe in zo da wuri. Ta ji unguwar sarai, amma ba ta sake tayar da maganar ba.

A shagon akwai kular ruwa a kusurwa kusa da teburin guga, da kofunan roba da kowa ke sha da su. A makona na farko Yaya ta sayo kofin tangaran mai shuɗin fure, ta yanko jan zare daga kan kekenta, ta naɗe hannun kofin da shi ta ƙulla. Ta ce wannan nawa ne ni kaɗai, kada kowa ya taɓa mini. Goggo, ranar da murna na koma gida ina ba maigidana labari. Ni da aka saba kora, yau an saya mini kofin da ya fi na mai shago kyau. In zaren ya yi datti ko ya tsinke, ni da hannuna nake sabunta shi. Har tsokanar sauran ma'aikatan shagon nake yi, ina ce musu su 'yan roba ne, ni ce 'yar tangaran.

Ba na so ki ɗauka muguwa ce, don ba zan iya yi mata ƙarya ba. Wata rana wata hamshaƙiya ta kawo yadi mai tsada, na ɗauko tef zan auna ta, ta ja da baya ta ce a ba ta wata, ta san daga inda na fito. Yaya ta ninke mata yadinta, ta sa mata a leda, ta ce ga ƙofa nan, shaguna sun cika layin. Matar nan da ƙawayenta ba su sake zuwa ba, Yaya kuwa ba ta taɓa yi mini gori a kai ba. Lokacin da nake goyon autana, in aiki ya yi mini yawa ita ke karɓarsa ta goya, ya yi mata tumbuɗi a baya ta yi dariya. Ranar da maigidana ya rasu a asibiti, ita ce ta riƙe ni a baranda na yi kuka a kafaɗarta har mayafinta ya jiƙe. Mun ci dariya tare, mun yi gulmar masu kawo ɗinki tare, ta san sirrina na san nata. In na koma gida ana zagin mutanen cikin gari irin su Yaya, ana cewa ba su da tausayi, fara'arsu a haƙora ta tsaya, ni ke cewa Yayata dai ba kamarsu ba ce.

Abin ya faru ne watan jiya da rana tsaka. Surukarta, matar ɗanta, ta biyo da jikar Yaya, yarinya ƙarama da ba ta shiga makaranta ba, ta bar ta za ta shiga kasuwa. Yarinyar ta saba da ni, a cinyata take zama ina ɗaura wa 'yartsanarta ƙyalle. Ta sauka ta ce ƙishirwa take ji. Kofina na kan benci da sauran ruwa a ciki, ta ɗauka ta kai baki. Yaya da gwiwa ta dame ta, wadda sai ta dafa tebur take miƙewa, ban san lokacin da ta taso daga kan keke ba. Ta buge kofin daga hannun yarinyar, ta ja ta zuwa famfon bayan shago, ta wanke mata baki da sabulu, yarinyar na kuka. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Ban hana ki shan ruwa da mai jan zaren nan ba?"

Da ta dawo muka haɗa ido. Ta yi saurin cewa ƙuda ta gani ya faɗa ciki. Babu ƙuda, Goggo, ni na sha ruwan kafin yarinyar. Kofin bai ma fashe ba, ya faɗa kan tarin ƙyallaye. Na ɗauke shi na mayar kan benci, na ƙarasa lafin siket ɗin da ke kan kekena, don ba na barin aikin mutane rabi. Sai na ɗauki jakata na ce kaina ke ciwo. Tun daga ranar ban koma ba.

Mai yi mana guga, wadda mun daɗe tare, ta zo duba ni. Na rantsar da ita ta faɗa mini gaskiya. Ta sunkuyar da kai ta ce duk wadda aka ɗauka aiki, ranar farko ake nuna mata kofin a ce kada ta kuskura. Ta ce sosonsa ma daban ne, yana bayan kula. Ta ce su a zatonsu na sani, ina kawar da kai ne. Kin ji, shekara da shekaru ina yi musu dariya ina cewa ni 'yar tangaran ce, su kuma suna kallona.

Yanzu komai na tuna sai ya juye mini. Duk ranar da na kawo abinci daga gida, Yaya ko ta ce ta ƙoshi, ko ta ce cikinta ba ya son mai, ko ta ce in zuba mata za ta kai wa yara. Ban san inda abincin nan yake ƙarewa ba, kuma ina tsoron in sani. Da ta zo ta'aziyyar maigidana ta wuni a ɗakina, amma ko ruwa ba ta sha ba, ta ce baƙin ciki ya toshe mata maƙogwaro, ni kuma na ƙara son ta saboda haka. Ina zama ina tambayar kaina, da ta goya ɗana, in ta koma gida wanka take yi? Da na yi kuka a kafaɗarta, mayafin nan wanke shi ta yi ko jefar da shi? Ba abin da ya fi ci mini rai kamar zaren, da na riƙa zaɓo mai kyau ina naɗawa da kaina.

'Yata ta ce dama ta sani, duk halinsu ɗaya, babu na kirki a cikinsu, ni ce dai mai saurin yarda. Ta daina gaishe da mai kantin bakin titi saboda shi ma daga cikinsu yake, mutumin da bai taɓa yi mana komai ba. In na ce ta bari, sai ta ce har yanzu ban yi hankali ba.

Yaya ta yi ta aike ban amsa ba. Makon jiya ta zo da kanta, da sandarta, ta bi ta gefen bolar nan har ƙofar gidanmu. Ina cikin ɗaki bayan labule ina jin muryarta, 'yata ta ce mata ba na nan. Ta daɗe a tsaye. Ta ba da wani ƙunshi ta ce a ajiye mini. Da na kwance sai na ga babban almakashinta ne, wanda ta gada daga mahaifiyarta, wanda ko ni ba ta taɓa bari in yanka yadi da shi ba. Ta kuma bar saƙo cewa idanunta sun gaza, za ta rufe shago, ɗanta zai tafi da ita can nesa inda yake aiki a ƙarshen watan nan. Da shekarunta da ciwonta, na san in ta tafi ba za mu sake ganin juna ba.

'Yata ta ce in mayar mata da almakashinta, kada in taka ƙofarta. Ni kuma wallahi kewarta nake ji, kuma ina jin haushin kaina da nake kewarta. In na je, ban san me zan ce ba. In na yi kamar ba abin da ya faru, na ci amanar kaina da 'ya'yana. In na ƙi zuwa ta tafi, ina jin abin zai zauna mini a ƙirji har in mutu. Goggo, matar nan ta so ni kuwa, ko dai tausayina kawai take ji kamar yadda ake tausayin kyanwar titi? In je ko in bar ta ta tafi?

Taki cikin damuwa,
Tela daga bayan bola

*

'Yar'uwata tela,

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Sannu. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Zan fara da abin da ba na so ki yi shakka a kansa. Abin da aka yi miki wariya ce, kuma ba ƙaramar wariya ba. Kada kowa ya ce miki ai kofi ne kawai. An yanke hukunci a kan bakinki tun kafin a san halinki, saboda aikin da kakanninki suka yi, aikin da in da ba su yi shi ba da garin bai zaunu ba. Kuma ki daina jin kunyar zaren da kika riƙa naɗawa. An ba ki abu da sunan kyauta kin karɓa da zuciya ɗaya. Kunyar tana wajen wadda ta ba ki da waɗanda suka sani suka yi shiru.

Kin tambaye ni ko ta so ki. A ganina ta so ki. Mai tausayin kyanwar titi ba ta korar masu kawo mata ɗinki saboda kyanwa, ba ta bi ta gefen bola da sanda da ciwon gwiwa ta tsaya a ƙofa. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne duka biyun gaskiya ne: ta so ki, kuma tana ƙyamar bakinki. Irin wannan ƙyamar ba da hujja ake koyar da ita ba, balle hujja ta cire ta cikin sauƙi. Ana cusa ta ne tun yaro bai iya ɗaure takalmi ba, da tsawa da buge hannu, kamar yadda kika ga an yi wa jikarta. Ina kyautata zaton an taɓa wanke wa Yaya baki haka tana ƙarama. Da ta girma hankalinta ya ƙi yarda da abin da ake faɗa a kanku, shi ya sa ta ɗauke ki aiki ta kare ki a gaban mutane. Amma ba ta taɓa zama ta yaƙi abin da ya rage mata a ciki ba, sai ta sayo kofi mai fure ta rufe shi da shi.

Wannan bayani ne, ba wanke ta nake yi ba. Da ba ta san abin zai yi miki ciwo ba, da ba ta ɓoye ba, da ba ta ƙirƙiro ƙuda ba. Ta sani. Kuma ta samu shekaru masu yawa da za ta iya gyarawa, ta zaɓi ta koya wa ma'aikatanta, ta koya wa jikarta. Wannan laifinta ne, ba na iyayenta ba.

Akwai wata magana a wasiƙarki da nake so ki sake dubawa. Kin ce in ana zagin mutanensu a gidanku, kina cewa Yayarki ba kamarsu ba ce. Ba na shakka ita ma haka take faɗa a kanki a gidansu. Maganar tana kama da yabo, amma abin da take yi shi ne ta tsame mutum ɗaya ta bar hukuncin a kan sauran. Shi ya sa da Yaya ta faɗi a idon 'yarki, ba wanda ya rage, har mai kantin bakin titi ya shiga ciki. Ba na cewa nauyin ɗaya ne. Ku ake hana aiki, ku ake ware wa kofi, zagin da kuke yi a tsakar gida bai taɓa hana ɗayansu cin abinci ba. Fushin 'yarki yana kan hanya, ta ga an wulaƙanta uwarta. Kada ki ce mata ta daina fushi. Ki ce mata ta yi fushi da wadda ta yi laifin, ta ci gaba da gaishe da wanda bai yi ba. Kuma ki tuna mata cewa zumuncin nan naki ne, ke za ki yanke yadda zai ƙare, ba ita ba.

Shawarata ita ce ki je. Ba don ki yafe ba, yafiya ba a yi mata wa'adi da ƙarshen wata. Ki je don har yau Yaya ba ta ji daga bakinki abin da ta yi miki ba, kuma in ta tafi ba za ta taɓa ji ba. Ki je ke kaɗai, da rana, lokacin da ba mutane, ba a gaban ɗanta ko surukarta ba, don mutum in aka tsare shi a gaban 'ya'yansa kare kansa yake yi ko da ya san bai da gaskiya. Ki bar almakashin a gida. In kin kai shi, ya zama kin je mayar da kaya, in kin yi godiyarsa, za ta ɗauka magana ta wuce. Ba shi ya kai ki ba.

In kin zauna, kada ki yi kewaye. Ki ce mata kin ji abin da ta faɗa a bakin famfo, kin san zancen soso, kin san ba ƙuda. Ki faɗa mata yadda kika yi murna ranar da ta ba ki kofin. Sannan ki yi shiru ki bar ta da shirun, komai tsawonsa. Kada ki miƙa mata ruwa don ki gwada ta. In ta sha saboda kunya ba ki samu komai ba, in ta kasa kin ƙara wa kanki wani ciwon. In kina da abin roƙo guda, ki roƙa wa yarinyar nan: Yaya ta kira jikarta ta gaya mata da bakinta cewa abin da ta koya mata ba daidai ba ne. Ita Yaya ta tsufa da abinta, yarinyar kuwa yanzu aka fara.

Ba zan yi miki alkawarin abin da za ki tarar ba. Tana iya tsayawa kan ƙudanta. Tana iya lissafa miki alherin da ta yi miki, ta ce ba ki da godiya. In haka ta faru, ki ce mata ba ki manta ko ɗaya ba, shi ya sa abin ya yi miki ciwo, ki yi mata fatan sauka lafiya ki tashi. Amma matar da ta zo har ƙofarki ta daɗe a tsaye, ina jin akwai maganar da ta kasa fitarwa, tana jiran ki buɗe mata hanya. In ta fashe da kuka, ki bar ta ta yi. Na san irinku masu taushin zuciya, bakinki zai yi saurin cewa ba komai. Kada ki faɗa, don da komai. Kina iya riƙe hannunta ba tare da kin faɗi haka ba.

Yayar da kika sani a da ba za ta dawo ba, ko kin je ko ba ki je ba, kuma ki yarda wa kanki ki yi kukan rashinta kamar yadda ake kukan wanda ya rasu. Wadda za ki je gani tsohuwa ce mai laifi da ta so ki iya yadda ta iya, kuma iyawar tata ba ta kai ba. Ki je ku yi sallama, ko sau ɗaya ku zauna ba tare da ɗayarku tana ɓoye wa ɗaya komai ba. Watan ya yi nisa, kada ki jira sai kin ji kin shirya, ba za ki ji ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya da sauƙin harshe, ya raya miki 'ya'yanki, ita kuma ya ba ta ikon faɗin gaskiya kafin ta tafi.

Goggonku